Tambayi Kawu: tafiya ƙasar da rana ke ɓuya wata biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni mai sayar da yadi ne a kasuwar Marwa. Ƙanwata tana aure a Turomso ta ƙasar Norwe, ta haihu, ta matsa lallai sai na je a watan Janairu. Ta turo mini bidiyo ta WhatsApp, sama ta yi kore shar tana kaɗawa kamar labule, ta ce sunansa hasken arewa. Wai kuma mijinta zai kai ni in hau amalanken da karnuka ke ja. Abokaina na kasuwa sun ce duk haɗin kwamfuta ne. Na ji ka taɓa zuwa can. Gaskiya ne? Me zan shirya?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya.

Ka ce wa abokanka Kawu ya gani da idonsa. Na je garin nan ganin ɗana da ke karatu a jami'arsu, na kwana tara, kuma hasken gaskiya ne. Asalinsa daga rana yake. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Da sun iso, maganaɗisun da Allah ya kewaye duniya da shi sai ya karkatar da su wajen ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Can sama, kilomita 100 zuwa 300, suke karo da iska, iskar ta kama haske. Koren nan na oksijin ne, jan da kan fito a samansa shi ma oksijin ne amma na can ƙololuwa, shuɗi da ruwan hoda kuwa na naitorojin. Turomso tana kusan kilomita 350 arewa da layin Atik, layin da ke zagaye ƙuryar arewacin duniya a taswira, daidai ƙarƙashin zoben da hasken ya fi zama, shi ya sa baƙi ke tururuwa daga Satumba zuwa Maris.

Sai dai abokan naka ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Waya ta fi ido kwaɗayin launi. Daren da na fara ganinsa, abin da na hanga wani fari-fari ne kamar hayaƙin ƙona daji daga nesa, ɗana ya ɗaga waya, sai ga kore shar a hoto. Na ce, "Don wannan na bar Garwa?" Sai can wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya motsa, ya tsage daga wannan dutse zuwa wancan, yana naɗewa yana warwarewa kamar yadda kuke warware turmin atamfa a gaban mai saye. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Bai fi minti goma ba ya dushe.

Kuma fa wannan a dare na huɗu ne. Darare uku na farko gajimare ya rufe sama ruf, don garin a bakin teku yake. Sai da muka yi tafiyar fiye da awa biyu a mota zuwa wajen iyakar Finlan kafin muka samu sarari. Saboda haka kada ka je da niyyar kwana biyu ka ce lallai sai ka gani. Babu mai iya yi maka alkawarinsa, har masu karɓar kuɗi su kai baƙi farautarsa. Ka sa a ranka jaririya ka je gani, in haske ya zo, gyara aka yi maka.

Abin da ya fi ba ni wahala ba sanyi ba ne, duhu ne. Daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa ko kaɗan. Da hantsi gari yakan yi ɗan haske shuɗi-shuɗi na 'yan awoyi, irin na bayan sallar asuba kafin rana ta ɓullo, daga nan sai dare. Ƙarfe uku na yamma jikina yana ce mini lokacin kwanciya ya yi. In za ka iya, ka daidaita tafiyarka da ranar 21 ga Janairu, ranar da rana ke leƙowa ta bayan duwatsu. Mutanen garin har biki suke yi, ana cin wani burodi mai zaƙi. Mu da muke gudun rana a watan Afrilu, ga waɗanda ke yi mata maraba kamar amarya.

Sanyin cikin gari da sauƙi, yawanci digiri 4 ko 5 ƙasa da sifili, saboda ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga wajen Meziko. Da ka nausa cikin tudu labari ya canza, ana kaiwa 20 ko 25 ƙasa da sifili. Kai mai yadi ne, to ka riƙe wannan: auduga abokiyar gaba ce a can. Tana shan gumi ta riƙe, gumin ya huce a jikinka. Ulu ake sawa a jikin fata, wani ulun a kai, sannan riga mai tare iska. Ni na yi taurin kai na sa shadda a ƙarƙashin babbar rigar sanyi, na kwana ina karkarwa. Kada ka sayi komai a nan, ka bari surukinka ya aro maka, takalmi ma ya ɗara ƙafarka don safa biyu su shiga. Ka tafi da man kaɗanya saboda leɓe, waya kuma ka ajiye ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir kamar wasa.

Batun karnuka. Amalanken ba shi da taya, katako biyu ne dogaye ke zamewa a kan dusar ƙanƙara. Karnuka biyar ko shida ake ɗaura wa baƙi, mutum biyu a kowane amalanke, ɗaya a zaune cikin fatar barewar ƙasar, ɗaya a tsaye a baya, in an yi rabi ku yi musaya. Kafin a tashi haushi da kuka sai ka toshe kunne, kowanne yana tsalle yana jan igiya. Ana sakinsu sai tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu da ƙarar katako a kan ƙanƙara. Wannan shirun har yau yana kunnena, ya fi hasken ma zama a raina.

Birki ƙarfe ne mai haƙora da ake takawa da ƙafa. Doka ɗaya suka nanata mana: kome ya faru, kada ka saki mariƙin amalanken. A wata kwana na ga kamar za mu kife, na saki, na faɗa cikin dusa har ƙugu, karnuka suka wuce da ɗana ba direba, ba wanda ya waiwayo. Sai da jagoranmu ya tare su a gaba. Waɗannan karnuka ba irin na bayan layi ba ne, aikinsu ke nan tun kaka da kakanni. Kowace shekara a watan Maris ana tsere da su daga garin Alta, na kilomita 1,200.

Na san abin da ke ranka ko da ba ka rubuta ba, batun najasar kare. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har gumi da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sha a ciki umarni ne da ake bi. Kuma kayan da za ka sa na masu wurin ne, a can za ka tuɓe ka bar musu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai Samawa, makiyayan ƙasar, su ne Mbororon can. Barewa suke kiwo maimakon shanu, kuma su ma suna ɗaukar baƙi a amalanke, sannu a hankali kamar tafiyar jaki.

Takardu kuwa, bizar Shengen ake nema, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta yuro 90, kusan sefa 59,000, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin yuro 30,000, da takardar gayyata daga ƙanwarka. Ka fara tun da wuri. Norwe ba ta cin yuro, kuɗinta kurona ne, kuma kusan komai da kati ake biya. Tsada kam sai ka shirya. Abinci ka tsaya a kan kifi, nasu ya fi ƙarfin a kushe, ko da yake bai kai na Binuwai yaji ba. Ka riƙe mata garin yaji da kuka, za ta sa maka albarka.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗaliba ce a Injamena. In rana ba ta fitowa, yaya Musulmin can suke sanin lokacin salla?

AMSA: 'Yata, tambayar nan sahabbai sun riga ki. A hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, da aka ambaci yini mai tsawon shekara, sun tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, Annabi (SAW) ya ce a'a, a ƙiyasta masa gwargwadonsa. A kan wannan malamai suka gina fatawa: ko a bi gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabewa, ko a bi lokacin Makka. Masallacin Alnur da ke Turomso lokacin Makka yake bi idan rana ta ɓuya, haka ma daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli da ba ta faɗuwa. Na yi Juma'a a can, da 'yan Somaliya da Larabawa da 'yan ƙasar da suka musulunta, muka idar muka fito, fitilun titi na kunne.

TAMBAYA: Kawu, za a iya ganin hasken daga Kusiri?

AMSA: A'a, Hajiya, mun yi nisa da yawa. A Mayun 2024 rana ta yi wani feshi mai ƙarfi har aka gan shi a Sifen da Meziko, amma bai iso mu ba. In kin ga ja a sama ta wajen kogin Logon da dare, a duba ko wani ne ya sa wa ciyawa wuta.