Amsoshin Tambayoyinku: Ninƙaya Ba Tare da Cakuɗuwa Ba, da Kayan da Ake Shiga Ruwa da Su

Da zarar zafi ya kankama a New York, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan koma maganar ruwa. Bana yawancinsu sun fito ne daga 'yan'uwanmu da ke aiki a gidajen Yahudawa masu riƙo da addini, ko suke maƙwabtaka da su, kuma aka ɗora musu neman wurin ninƙayar da ba a haɗa maza da mata.

Tambaya: Hajiya, ina kula da wata tsohuwa mai shekara 78 a Williamsburg. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki a cikin ruwa saboda ciwon gwiwa, ita kuwa ta ce ba za ta shiga inda namiji zai gan ta ba. 'Ya'yanta sun bar mini neman wuri, ni kuma ina tsoron in kai ta inda za ta ji kunya, in rasa aikina. Daga wata ƙanwarki a Bronx.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, domin abin da kike nema yana nan kusa da gidan da kike aiki. Wannan kamun kai da kika gani a wurin tsohuwar shi suke kira tsniyut, kuma ga macen da ta tashi cikin Hasidawa, wato wani ɓangare na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, ya ƙunshi rufe gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙashin wuya, da rufe gashi ga matar da ta yi aure, don haka kada ki ɗauka rigimar tsufa ce. A kan titin Bedford akwai cibiyar wasanni ta Metropolitan, mallakar hukumar birni, wadda ta shafe shekaru tana ware wa mata sa'o'insu. A 2016 an yi ƙorafin cewa wannan wariya ce, maganar ta kai gaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin, daga ƙarshe aka bar sa'o'in amma aka rage su. Kuɗin rajistar shekara ga wanda ya kai shekara 62 ya daɗe yana kan dala 25, na yawancin sauran manya kuwa dala 150, saboda haka kada kowa ya sa ku biya ɗaruruwan daloli a wani kulob kafin ku leƙa can. Cibiyoyin al'ummar Yahudawa da ke unguwanni irin su Boro Park su ma suna raba lokacin maza da na mata.

Sai dai ina gargaɗinki, kada ki dogara da jadawalin da kika gani a intanet, domin yakan canja, wuraren kuma akan rufe su don gyara. Ki je da ƙafarki a daidai sa'ar mata, tun kafin ki ɗauko tsohuwar, tunda gani ya kori ji. Ki duba ko mai aikin ceton da ke kan kujera mace ce, kuma ki tambaya ko hakan kullum ne ko sai ranar da aka samu. Ki ɗaga kai ki ga ko akwai taga ko baranda da ake hango ruwan daga ɗakin motsa jiki, ki tambaya ko ma'aikata maza na ratsawa da guga da tsintsiya a tsakiyar lokacin. Iyalai sun bambanta a kan namiji mai aikin ceto: wasu malamansu sun sassauta saboda tsare rai, wasu ba su yarda ba, kuma ba ke ce za ki yanke wannan ba. Ki kai wa 'ya'yanta abin da kika gani dalla-dalla, su tambayi malaminsu. Kada ki manta da gwiwar da aka zo dominta: ki duba ko akwai matakala mai marikin hannu ko kujerar da ke saukar da mutum cikin ruwa, domin tsanin ƙarfe mai miƙewa tsaye ba na mai shekara 78 ba ne.

Tambaya: Na ji ana cewa Yahudawa suna da nasu wurin wanka a kowace unguwa, mai suna mikba. Me zai hana su yi ninƙayarsu a can su huta da wahala? Daga wani direba a Queens.

Amsa: Malam, da ka tambayi ko da mutum ɗaya daga cikin fasinjojinka da ba ka ɓata tawada ba. Mikba wurin tsarki ne na ibada, ɗan ƙaramin kwami da ake nitsa jiki a fito, ba a iyo a ciki, ba a kai yara wasa, kuma maganar zuwan mace can sirri ne da ba a tattauna shi da baƙo. Kada ka kawo wannan shawara a gaban kowa.

Tambaya: Hajiya, uwar ɗakina ta ba ni katinta ta ce in sayo wa 'ya'yanta mata uku kayan ninƙaya masu rufe jiki. A shagon unguwarsu kowane ɗaya ya haura dala 70, amma na ga irinsu a intanet a kan dala 19, hoto iri ɗaya. Ba gara in rage mata asara ba? Daga wata 'yar'uwa a Flatbush.

Amsa: 'Yar'uwa, niyyarki mai kyau ce, amma a nan zan tsaya in daɗe, domin babu abin da ke ɓata mini rai a wannan fili kamar jabun kayan ninƙaya. Hoto iri ɗaya ba ya nufin kaya iri ɗaya. Masu wannan sana'a hoton kamfanin gaskiya suke ɗauka su liƙa a shafinsu, abin da zai iso ƙofarki kuwa rigar yawo ce da aka ɗinka da yadin da bai san ruwa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan ba kuɗi kaɗai ake zubarwa ba, ran yarinya ake sakawa a tsakani.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona a wata sa'ar mata, shekaru kaɗan da suka wuce. Wata baiwar Allah ta shiga ruwa da doguwar riga mai faɗin gindi wadda aka sayar mata a matsayin kayan ninƙaya. Tana isa inda ruwa ya kai mata ƙirji iska ta cika siket ɗin, ya taso ya baje a saman ruwa kamar faifai, da ta sa hannu biyu tana danne shi don kada jikinta ya bayyana sai ƙafarta ta zame, yadin ya naɗe mata fuska. Mai aikin ceto ta fito da ita tana tari, rigar ta sha ruwa ta yi nauyi ta manne mata, har launin abin da ke ciki ana gani. Ta sayi rigar don sutura, sai ga shi ba ta samu suturar ba, ta kuma kusa rasa numfashi a wurin da bai fi tsayinta ba.

Kayan gaskiya ana gane su tun daga ɗan ƙyallen da ke wuya, inda aka rubuta irin yadin. Foliyesta shi ne ya fi jure sinadarin kulorin da ake zubawa a wuraren ninƙaya. Nailan mai haɗe da zaren roba yana da laushi da daɗin sawa, amma kulorin na cin zaren robar, bayan 'yan watanni sai ki ga rigar ta saki ta yi shara-shara. Auduga kuwa ko kusa: tana shan ruwa, tana nauyi, tana zubar da zare, shi ya sa wurare da yawa ke mayar da mai ita tun daga bakin ƙofa. Idan babu ƙyallen gaba ɗaya, ko mai sayarwa ya rubuta “yadi mai inganci” kawai bai faɗi sunansa ba, ki rufe shafin. Sannan ki juya rigar ki duba ciki. Siket ɗin ƙwarai a ɗinke yake da matsattsen wandon da ke ƙarƙashinsa, ko kuma yana da maɓallai ko igiyoyin da ke riƙe shi, kuma bai fi ya ɗan wuce gwiwa ba. Rigar sama ita ma ta kasance tana maƙalewa da na ƙasa don kada ta yi sama. Duk wani lilo na ado, ko ɗankwali mai jela, ko hannu mai faɗi, abin da zai iya sarƙewa ne a tsani ko a bakin bututun da ke zuƙe ruwa.

Akwai kuma maganar launi, wadda iyaye ba sa so a yi musu. Gidajen masu addini, nasu da namu, sun fi son baƙi da shuɗi mai duhu, alhali yarinyar da ta nitse cikin irin wannan launi takan yi kama da inuwa a ƙasan ruwa. Idan uwar ba za ta yarda da riga mai haske ba, a saya wa kowace yarinya hular ninƙaya ruwan lemo ko ruwan ɗorawa. Alamar UPF 50 da ake bugawa tana nufin yadin na tare kusan kashi 98 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata, amma buga harafi ba ya yi wa mai jabu wuya, don haka alamar ba ta da daraja sai ta fito daga kamfani mai suna da adireshi da ƙa'idar mayar da kaya.

Ki kuma yi lissafin da kyau. Dala 19 sau uku, a jira mako uku, kaya su iso ba su yi ba, kuɗin mayarwa ya fi kuɗin kayan, sannan a koma shagon unguwa a biya dala 70 ɗin da aka gudu tun farko, rabin lokacin zafi ya wuce. Araha ba ta ado. Ki tafi da yaran shagon, su gwada, su ɗaga hannu su tsuguna, ki ga inda ya buɗe. In an dawo gida a jiƙa gefen siket ɗin a famfo a ɗaga shi saitin fitila: idan kina hango yatsunki ta ciki, to haka za a hango jikin yarinyar. Katin na uwar ɗakinki ne, amana ce a hannunki, ki nuna mata farashin biyu ki gaya mata abin da na faɗa, ita ta zaɓa.

Tambaya: Iyalin da nake yi wa aiki za su tafi da ni Isra'ila a watan Yuli, kuma an ce ni zan riƙa raka yara bakin teku. Me ya kamata in sani? Daga wata 'yar'uwa a Crown Heights.

Amsa: A Tel Aviv akwai gaɓar Nordau da aka kewaye da katanga, mata na shiga Lahadi da Talata da Alhamis, maza Litinin da Laraba da Juma'a, ranar Asabar kuma a buɗe take ga kowa, tunda masu addini ba sa ninƙaya daga faɗuwar ranar Juma'a har bayan faɗuwar ranar Asabar. Haifa da Netanya da Ashdod su ma suna da nasu keɓaɓɓun gaɓoɓi. Ki tambayi uwar gidan tun yanzu yaushe kwana 9 na farkon watan Av na kalandar Yahudawa za su faɗo bana, domin kwanakin juyayi ne da yawancinsu ke barin ninƙayar nishaɗi, kada a biya otal mai tsada a bakin ruwa a daidai lokacin. Tutar da ke kan rumfar masu ceto ita ce doka: fara a shiga, ja akwai haɗari, baƙa an hana.

Abin da na fi tsoro shi ne ranar da ba ta mata ba, wani ya ce a nemi gefen da babu kowa, ko a je da asuba kafin mutane su fito. Inda babu kowa, babu mai ceto. Tekun Bahar Rum na da igiyar da ke jan mutum ta yi cikin teku da shi, kuma ba ta nuna alama ga baƙo. Idan aka matsa miki, ki ce ba za ki ɗauki yara ba, ki tsaya a kan haka ko da za a ji haushinki. Ki tuna musu cewa a cikin Talmud, babban littafin dokokin addininsu, inda aka lissafa haƙƙin ɗa a kan uba, an kawo ra'ayin cewa har da koya masa iyo, kuma dalilin shi ne tsare rai.

Tambaya: Ni ne mai kula da wani rukunin gidaje a New Jersey, yawancin mazauna Yahudawa ne masu addini, kuma kwamiti ya ce in tsara jadawalin maza da mata. Yaya zan yi? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: Alhaji, kada ka rubuta shi kai kaɗai. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa jadawalin wani rukunin gidaje a Lakewood ya tauye mata, saboda an bai wa maza mafi yawan sa'o'in yamma, lokacin da mai aiki ke dawowa gida. Ka raba safiya da yamma daidai wa daida, ka bar lokacin da miji da mata za su iya shiga tare, sannan kwamiti ya kai wa lauyansa kafin a liƙa a bango.

Tambaya: Hajiya, maƙwabciyata Bayahudiya ta ce mu haɗa kuɗi mu yi hayar wurin ninƙayar bayan gidan wani na awa biyu ta manhajar Swimply, mu da yaranmu mata. Ina so, amma ina jin nauyi, ban san ko za su karɓe ni da hijabina ba. Daga wata ƙanwarki a Monsey.

Amsa: Ƙanwata, ita ce ta gayyace ki, kuma matan da ke rufe gashinsu da ɗankwali ko hular gashi ba za su ga baƙon abu a jikinki ba, a sa'o'in mata na wuraren birni sun saba haɗuwa da Musulmi a ruwa ɗaya. Ki bar hijabin yawo a ɗakin canja kaya, ki sa na ninƙaya mai kama kai. Kafin ku biya, ku tambayi mai gidan ko shingen ya tare benen maƙwabta, ko akwai kyamara a farfajiyar, ko shi da kansa zai kasance a gida, kuma ya amsa a rubuce. Irin wannan haya ba ta zuwa da mai ceto, don haka ku ƙara abin da za ku biya wata mace mai takardar shaidar aikin, ko kuma ku naɗa babba ɗaya da ta iya ruwa ta zauna a baki ba waya a hannunta, ku riƙa karɓar ta bayan kowane minti 15. Idan za ki kai abin taɓawa, ki sayi na kanti a rufe mai alamar kosha, wato abincin da addininsu ya halatta, kada ki dafa a gida, domin ba za su iya ci ba kuma za su ji nauyin gaya miki.