Akwatin Tambaya: An ba ni darasin kiwon kifi, amma makarantarmu ko tafki babu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin aikin gona ne a wata sakandaren gwamnati a jihar Katsina, bana aka ɗora min darasin kiwon kifi na 'yan SS2, to gaskiya ni shuka da dabbobi na karanta, kifi kam sai dai a miya. Allo da alli kawai gare mu, da na fara zana musu kifi sai hamma ta tashi ko ta ina. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ai yaran nan ba su yi laifi ba, ko ni aka zana min kifi da alli bayan azahar barci zan yi. Kifi mai rai za ka kawo musu, kuma ba sai an haƙa tafki ba. Ka lallaɓa shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye su saya maka tankin roba mai cin lita 1,000, a yanke samansa a wanke tas a ajiye a inuwa, ka zuba 'ya'yan tarwaɗa kamar 50, amma waɗanda suka ɗan tasa har sun kai tsawon yatsa ko sun fi, kar ka yarda a sayar maka da ƙananan nan masu kama da zare don arha, kwana uku za ka wayi gari kana kwasar gawa.

Na ce tarwaɗa don tana da jimiri. A cikin kanta, bayan wurin da take tace iskar ruwa, akwai wani abu mai rassa kamar 'yar bishiya da take shaƙar iskar sarari da shi, shi ya sa za ka gan ta a taɓo da ranta. Ka sayo babba guda a kasuwa ka buɗe kan a gabansu su gani da idonsu, wallahi ranar ba mai hamma. Ka haɗo da karfasa a kwatanta, ita mai ɓawo ce, tarwaɗa kuwa santsi da gashin baki. Ka gaya musu akwai irin karfasar da macen a bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, za su ce ƙarya kake, ka bar su su yi ta musu.

Sai ka raba su rukuni-rukuni, kowane da makonsa da littafi guda na rubuta komai. Abinci safe da yamma, mai tasowa saman ruwa, a riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, da sun daina wawaso a tsaya. Nan yara ke ɓarna, tausayi ya sa su zazzage musu rabin kwano, ragowar ta ruɓe ruwa ya yi wari kifi su taso sama suna rataye kamar an shanya su, to in ka ga haka maza a sauya ruwa. In na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe don sinadarin kulorin da ke cikinsa ya fita, tsohon ruwan kuma kar a zubar, a yi 'yar fangalin alayyafo a gefe a riƙa ba ta, taki ne sosai.

Duk bayan mako biyu a kamo goma a ɗora a sikeli, a lissafa abincin da suka ci da ƙibar da suka ƙara, daga nan za su gane da kansu cewa abinci ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo. A ranar ne kuma ake ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa na cin 'yar uwarta, in yara sun ƙirga sun ga 43 kar a fara zargin maigadi tukuna. Da kulawa mai kyau cikin wata 5 zuwa 6 wasu za su kusa kilo guda.

In da hali ka kai su gonar da ake ƙyanƙyasa, su ga yadda ake yi wa mace allurar da ke sa ƙwai su nuna a tatse ƙwan, namijin kuma a farke shi a ciro maniyyi a haɗa da ƙwan, su ƙyanƙyashe cikin kwana guda ko ɗan fiye. Wanda abin ya shiga ransa ka sanar da shi akwai kwalejin tarayya ta koyon harkar kifi a New Bussa ta jihar Neja, kusa da madatsar Kainji, garin da cibiyar binciken kifi ta ƙasa take.

Kar dai ka fara da hunturu, sanyi na hana su cin abinci, ka bari sai gari ya yi ɗumi. Kuma tun kafin ka zuba ko guda ɗaya ka san wanda zai ciyar da su lokacin hutu, in maigadin ne a yi magana a fili, a ce masa manyan guda biyu nasa ne ranar kwasa.