Shin Adamu Ya Yi Aiki a Gonar Aidan?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aiki hukuncin zunubi ne, tunda Allah ya tanadar wa Adamu komai a gonar Aidan. A ganina ba haka ba ne. Sura ta 2 ta Farawa, littafi na farko a Littafi Mai Tsarki, ta nuna cewa Ubangiji da kansa ya dasa gonar, ya tsiro da itatuwa masu daɗin ci, ya kuma shayar da ita da kogin da ya rabu huɗu, wato Fishon, Gihon, Taigiris da Yufiretis, amma duk da wannan yalwa sai aya ta 15 ta ce an sa Adamu ya noma gonar, ya kiyaye ta, tun kafin ya yi laifi. Ƙaya, sarƙaƙiya da cin abinci da gumi su ne suka shigo a sura ta 3, bayan rashin biyayya.