Amsa ga 'yar'uwar da ke neman inda za ta kai yara hutun Ista a Manchesta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah sarki, tambayarki ta taɓa ni, don halin da kike ciki na san shi ciki da waje. Kin ce tun Oktoba da kuka sauka Manchesta yaranki uku suna kulle a gida, daga makaranta sai kallon waya. Ga hutun Ista na sati biyu ya matso, ba ku da mota, maigida yana aikin dare, kuɗi kuma sai a hankali, kina neman inda za ki kai su su sha iska tunda sanyi ya fara sauƙi.

Ki fara da kusa, kin ji ko. Heaton Park ba a biyan ko sisi a ƙofa, taram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) ɗin da ke zuwa Bury yana sauke ki a bakinsa, filin ya kai eka 600, akwai wurin dabbobi da wurin lilo, yara za su yi gudu har su ce miki sun gaji. In kina wajen Rusholme ko Fallowfield ga filin shaƙatawa na Platt Fields nan, kina fitowa kuma ga masu abincin halal jere a Wilmslow Road. Lahadin ƙarshe ta watan Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, daga nan magariba sai bayan 7:30, zuwa ƙarshen Mayu ta wuce ƙarfe 9. Ko ranar makaranta ma kina iya fita da su bayan la'asar. Sai dai kar hasken rana ta taga ya ruɗe ki. Rigar ruwa da takalmin roba da safa ta canji su zauna a jaka, shimfiɗa kuma ki nemi mai leda a ƙasa, don ciyawar nan jiƙe take har cikin Mayu.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne inda kika ce wata ta yi miki tayin ɗaukarku a motarta ku tafi wajen gari. Don girman Allah, ki yi tunani sau biyu. Kar ki je inda ba za ki iya dawo da kanki da yaranki gida ba in wani abu ya taso.

A bazararmu ta farko wata 'yar garinmu, wadda nake kira Anti saboda girmamawa, ta gayyace mu Peak District, wani yankin tuddai a wajen gari, ranar hutun Litinin ta farkon Mayu. Murna kamar me, na kwana ina suyar cincin da dambun nama. Muna isa ba a jima ba babban ɗana ya fara atishawa, idonsa ya yi ja yana ta murzawa. Can sai tari. Can sai na ji ƙirjinsa yana fito, wani siririn sauti da ban taɓa ji a jikinsa ba. Yaron da aka haifa a Zariya, ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru ko tari bai yi ba. Na je na same ta na ce Anti don Allah mu koma, yaron nan ba lafiya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce shagwaɓa ce, wai daga zuwa Turai har ya koyi ciwon Turawa, in ba shi ruwa ya sha. Ta juya ta ci gaba da ɗaukar hoto da ƙawayenta. Na sake komawa, ta ce ita fa ba za ta ƙona man mota ta zo nan ta juya saboda mura ba, in jira a ci abinci.

'Yar'uwa, ina tsaye a tsakiyar daji, waya ba sabis, ban san inda ake hawa bas ba, ban ma san sunan ƙauyen da muke kusa da shi ba. Goyo a bayana, ta tsakiya tana riƙe da zanena tana kuka. Shi kuma ya durƙusa ya dafa gwiwa, ramin wuyansa yana lotsawa duk numfashin da ya ja, yana so ya ce Umma ya kasa ƙarasawa. Wani dattijo Bature da matarsa masu yawon ƙafa su ne suka tsaya. Matar ta zaunar da shi bayansa a miƙe tana yi masa magana a hankali, mijin ya hau tudu da sauri inda ake samun sabis ya kira lambar gaggawa ta 999. Mutanen da ban sani ba, ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba. Ita kuwa da muke salla ɗaya, da motar asibiti ta iso abin da ya fito daga bakinta shi ne na tara mata jama'a na ba ta kunya.

Ba ta biyo mu asibiti ba. Ba ta kira ba. Ta tsakiyar ma da na bar mata, a ƙofar maƙwabciyata ta sauke ta ta wuce. Ina zaune gefen gado da daddare, yaro da abin numfashi a fuska, saƙonta ya shigo wai in turo kasona na kuɗin mai. Wallahi na tura, hannuna yana rawa. Daga baya kuma na ji tana ba da labari a gidan suna cewa ni ce ba na kula da yarana, na san yana da asma na ɓoye. Ta ina zan sani? Har yau in mun haɗu a filin Idi ina gaishe ta don Allah ya ce a yi, amma zuciyata ba ta sake ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Likita ya ce garin furen itatuwa ne ya tayar masa. A nan ƙasar na itatuwa yana tashi daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, na ciyawa ya karɓa daga nan har Yuli. Ki sauke manhajar Met Office, tana nuna ruwan sama tana kuma nuna yawan garin furen kowace rana. In kin ga yaro yana atishawa da ƙaiƙayin ido ki je kemis ki yi musu bayani, akwai maganin ruwa na yara. Ki shafa musu ɗan Vaseline a bakin hanci kafin fita, in an dawo a yi wanka a canza kaya, kuma ranar da garin ya yi yawa kar ki shanya kayansu a waje. In akwai mai inhela (abin shaƙar maganin asma) a cikinsu, ta riga abinci shiga jaka.

Af, gonaki. Maris da Afrilu lokacin haihuwar tumaki ne, gonaki da yawa suna buɗewa yara su ga 'yan raguna, kuma suna so sosai. In kina da juna biyu ki tsaya nesa da tumakin da ke haihuwa, suna ɗauke da cututtukan da ke taɓa ciki. Yara su wanke hannu da ruwa da sabulu kafin su ci komai, man goge hannu bai isa ba. In sun shiga doguwar ciyawa ki duba bayan gwiwa da hammata da cikin gashi, akwai kaska a nan ma, kuma tana sa ciwo. Furen nan rawaya da ya cika bakin titi yanzu, saiwarsa sak albasa ce a ido amma guba ce, ki ja kunnen ƙanana.

In kina son teku, jirgin ƙasa ya fi miki motar kowa. Ki sayi katin rangwame na Family & Friends Railcard, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin babba da kashi 60 cikin 100 na yaro, 'yan ƙasa da shekara 5 kuma kyauta suke shiga. Akwai jirgi kai tsaye zuwa Southport da Blackpool. Formby ta fi min daɗi saboda tudun yashi da jajayen kurege, sai dai za ki canza jirgi a Liverpool ko Southport ki sauka Freshfield. Su yi wasa da yashi, su tsoma ƙafa, amma ban da iyo. Ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko ana zabga rana, haka ma madatsun ruwa irin Dovestone, kar ki bari ko kusa da baki su je su kaɗai.

Karnuka za ki gani da yawa ba igiya. Ki koya wa yara su tsaya cak su naɗe hannu, gudu ne ke sa kare ya bi su. Ni kullum da gorar alwala da 'yar darduma nake fita, in samu gindin bishiya in yi sallata, babu wanda ya taɓa ce min uffan. Fulas ɗin shayi da wainar fulawa ko taliya daga gida za su cece ki daga mai motar askirim, don in yara uku suka tsaya a gabansa kuɗin taram ɗinki ya tafi. Ranar da ruwa ya ƙi tsayawa ki kai su gidan tarihi na Manchester Museum a Oxford Road, kyauta ne, nawa sun fi awa suna zagaya ƙasusuwan dabbobin zamanin da.

Kuma kar ki cire su daga makaranta don tikiti ya fi araha, tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, ke daban maigida daban. Akwai Litinin biyu na hutu a Mayu, ta farko da ta ƙarshe, ga hutun sati guda a ƙarshen watan, sun ishe ki.

Ki faɗa min unguwar da kuke da shekarun yaran. In Asabar ta farkon hutu ta yi miki, mu haɗu a tashar taram ta Heaton Park da ƙarfe 11, ni zan zo da shimfiɗa da shayi.