Zauren Teloli: Amsoshinku a Kan Sayen Zare ta Intanet

Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan zare suka zo, musamman wanda ake oda ta waya. Na zaɓi huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina ɗinkin mata a gida da keken Butterfly na ƙafa. Shagon kayan ɗinkin da ke kusa da mu ba ya kawo launuka da yawa, shi ne na yi odar manyan kon guda shida, wato zaren da ake naɗawa a kan roba, wurin wata mai talla a waya, kowanne an rubuta yadi 5000. Ban jima da farawa ba biyu suka ƙare, ga shi kuma sai tsinkewa yake yi. Ni ce ban iya ba, ko zaren ne? Daga mai ɗinki a Nguru.

AMSA: Amin wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu ne a maganarki, saurin ƙarewa daban, tsinkewa daban, kuma ba lalle ne tushensu ɗaya ba.

Mu fara da tsawon. Hoto ba ya nuna miki yawan zaren da ke jikin kon. Akwai masu ƙara wa robar ciki kauri su naɗa zare kaɗan a kai, ki gan shi ɓul-ɓul a waya alhali rabinsa roba ce. Ba wanda zai zauna ya warware yadi 5000 ya auna, amma sikeli zai gaya miki gaskiya. Zaren da muka fi ɗinki da shi, wanda ake rubuta wa 40/2, lissafinsa sananne ne a masaƙu: yadi 16,800 nasa ne ke yin laba ɗaya, wato kusan giram 454. Ke nan yadi 5000 zai kai wajen giram 135, yadi 4000 wajen giram 108, yadi 3000 kuma wajen giram 81, ban da nauyin robar. Tunda kina da waɗanda suka ƙare, ki ɗauki robar ɗaya da sabon kon ɗaya ki je wurin mai ƙaramin sikeli irin na masu yin kek, ki auna sabon, ki cire nauyin robar. In kin ga giram tamanin da 'yan kai, to yadi 3000 aka sayar miki da sunan 5000. Bambancin giram biyar ko goma ba abin faɗa ba ne, amma na hamsin kam magana ce, kuma kina da hujjar da za ki tura mata.

Wannan lambar ta 40/2 ita nake so kowane tela ya riƙe kamar lambar wayarsa, domin ita ce idonki a kasuwar da ba ki taɓa kaya. Lambar farko kaurin silin zaren ce, ta biyu kuma yawan silin da aka murɗe tare. Idan lambar farko ta hau, zaren ya ƙara siranta. Shi ya sa 60/2 siriri ne na boyel da yadi mara nauyi, 40/2 na atamfa da shadda da yawancin ɗinkinmu, 20/2 kuma ya fi 40/2 kauri, na wandon jins ne da jaka da labule mai nauyi. Amma wasu kamfanonin da awon Tex suke rubutawa, shi kuma akasin haka yake tafiya: nauyin mita 1000 ne a giram, don haka babbar lamba kaurin zare take nufi. Tex 27 zuwa 30 shi ne daidai da 40/2 ɗinmu. Duk mai tallar da kika tambaye ta lambar zarenta ta ce miki "mai kyau ne sosai, Hajiya", ba ta ba ki amsa ba. Ki ce ta ɗauko miki hoton takardar da ke manne a cikin kon ɗin ko a jikin kwalin.

Sai tsinkewa. Kafin ki ɗora wa zaren laifi, duba inda kika ajiye shi. Babban kon don keken masana'anta aka naɗa shi, ana jan zarensa ta sama ne yana zaune bai motsa ba. In kin kafa shi a ɗan ƙarfen da ke kan Butterfly, nauyinsa ya fi ƙarfin jan keken, dole zare ya riƙa tsinkewa. Ki sa shi a cikin kofi a bayan keken, ki ɗaga zaren sama ta cikin wata 'yar waya da kika lanƙwasa, sannan ya gangaro hanyarsa. Ki kuma canza allura, ki sa sabuwa mai lamba 14, domin allurar da ta daɗe tana yin kaifi a ido ta riƙa yankar zare. Idan kin yi waɗannan bai daina ba, ki jawo kamu ɗaya ki ɗaga shi a haske. Zare mai kyau sumul yake, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. In kin ga gashi-gashi da ƙulli, wani wuri kauri wani wuri siriri, to zaren ne. Ki yi dajiya da shi ko ki ba masu koyo, kada ki sa shi a kayan mutane. Sannan ki tabbata ba zaren wibin aka turo miki ba, mai laushin nan da ke buɗewa kamar auduga, wanda galibi ake rubuta wa 150D. Aikinsa rufe bakin yadi, ba haɗa riga ba.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni telan maza ne, ina kuma yin surfani. Matsalata launi. Sai in zaɓi zaren da ya dace da shadda a waya, in ya iso in ga wani abu daban. Kwanaki kuma na yi aiki a farar shadda, mai ita ya wanke, zaren ya koɗe ya fara tsintsinkewa. Daga wani tela a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zaɓen launi ta fuskar waya cinikin biri a sama ne. Hasken shagon mai kaya daban, kyamararsa daban, fuskar wayarka ma daban, har yawan hasken da ka sa mata yana canza abin da kake gani. Ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan madara su suka fi ba da wahala, kuma su ne launukan da maza suka fi ɗinkawa.

Maganinsa katin launi. Kamfanonin kirki irin su Madeira da Gütermann na Jamus, da Coats, da DMC na Faransa, kowane launi nasu da lambarsa, kuma suna da katin da aka manna ainihin zaren a jiki. Har manyan dilolin zaren China da yawa suna da irin nasu. Ka sayi katin sau ɗaya, ko ku haɗa kuɗi ku teloli uku ku saya. Daga nan sai ka ɗora shaddar a kan katin a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, ka tura lamba kawai. In ka tsaya tsakanin launi biyu, ɗauki wanda ya ɗan fi duhu, domin sili ɗaya a kan yadi ya fi haske a kan yadda yake a dunƙule. Kuma aikin babbar riga ko na anko, ka sayi duk abin da zai ishe ka a lokaci ɗaya. Ko lamba ɗaya ce, rinin wannan zuwa da na zuwa na gaba kan ɗan bambanta, kuma a gaban riga ido yana kamawa.

Batun farar shadda kuwa, ina kyautata zaton zaren reyon ka samu, wanda muke kira siliki. Yana da sheƙi mai kyau da taushi, amma ƙarfinsa raguwa yake in ya jiƙe, kuma bilic na cin launinsa. Farin kaya kuwa ka san yadda ake yi musu wajen wanki da bugu. Irin wannan aikin foliyesta ya kamata, shi ne ke jure bilic da wanki. Abin da ke ruɗa mutane shi ne dukansu biyun 120D/2 ake rubuta musu, a hoto kuma kamarsu ɗaya. Sai ka tambaya da baki, in sun iso kuma ka gwada da ashana. Foliyesta narkewa yake ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Reyon da auduga ci suke da wuta, su yi ƙaurin takarda, su bar toka mai laushi. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu kuma, ka jiƙa guntu ka murza a farin ƙyalle ka ga ko yana zuba, tun kafin ya hau rigar wani.

TAMBAYA: Mama, ina tara ƙyallayen atamfa ina so in haɗa su in yi bargo mai soso a ciki, irin wanda Turawa ke yi. A bidiyo suna cewa sai da zaren auduga mai lamba 50, kuma na duba kuɗinsa da na aikowa daga waje sun fi ƙarfina. Dole ne sai da shi? Daga ɗaliba a Kaduna.

AMSA: 'Yata, na ji daɗin wannan tambayar, domin ƙyallayen da muke sharewa muna zubarwa a shaguna dukiya ce. Ba dole ba ne. Abin da ya sa masu wannan sana'a a Amurka da Ingila ke son audugar lamba 50, irin ta Aurifil ta Italiya, shi ne sirantarta. Bargon haɗi ɗinki ne kan ɗinki, in zaren ya yi kauri sai mahaɗar ta tashi, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Auduga kuma tana jure dutsen guga mai zafi, ga shi kowace mahaɗa sai an goge ta. Dalilai ne na gaskiya, amma foliyesta 40/2 mai kyau, ko 50/2 in kin samu, zai haɗa miki atamfa lafiya lau, ya kuma fi jure yawan wanki. Ki dai rage zafin dutse.

Launi ma kada ki wahalar da kanki. Ruwan toka mai haske guda ɗaya zai ɓace a cikin kusan kowace atamfa. Sai ɗinkin saman da ke haɗa fuska da soso da bayan bargon, shi ne ake gani, nan za ki zaɓi launin da ranki ke so, ki ɗan tsawaita taku. Ki wanke ƙyallayen tukuna, wasu atamfofin suna zuba. In kuma kina kwatanta farashi, da tsawo za ki kwatanta: ƙaramin kwarkwaro mai mita 100 sai kin tara 45 da ɗoriya kafin su kai kon ɗaya mai yadi 5000 na gaskiya.

TAMBAYA: Anti, mai kaya ta ce sai na tura kuɗi duka kafin ta ba direba. In tura? Daga wata amarya a Azare.

AMSA: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Yawancin masu sayarwa daga Kano haka suke yi, kuma da yawansu mutanen kirki ne, don haka sharaɗin kansa ba alamar cuta ba ne. Amma cinikin farko ki sayi kaɗan, kon biyu ko uku, ki auna, ki gwada, sannan ki yi maganar sari. Ki nemi ta yi miki bidiyon kayan a hannunta tana nuna takardar lambar, ki tambayi sunan shagonta da layin da yake. In a Kantin Kwari ne ko Sabon Gari, da wuya ki rasa wanda zai leƙa miki. Ku yi magana a rubuce kan lamba da tsawo da launi da wanda zai biya kuɗin mota, ki ajiye shaidar biya, ki karɓi lambar direba da ta mota. A manyan shafuka irin su Jumia wasu kayan ana iya biya bayan sun iso, ki duba ko naki na ciki. Odar ƙasar waje kuma kan ɗauki makonni, kada ki jingina ɗinkin sallah da ita. Ki ce a ɗaure zaren a leda kafin a sa a kwali, saboda ƙura da ruwan sama a hanya, in ya iso kuma ki ajiye shi a rufe inda rana ba ta dukansa.