Filin Tambaya da Amsa: Wai agogo nawa ne a cikin kwamfuta guda ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a Zariya ina karantar injiniyancin kwamfuta. Akwai wata saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a ɗakin gwajinmu mai Linux da malaminmu ya haɗa ta da wata na'ura mai GPS, ranar nan na leƙa cikin /dev, folda da Linux ke jera na'urorin kwamfuta a ciki, sai naga wani abu wai shi ptp0, abokina yace agogo ne. To ni dai agogon dana sani shine wanda batirin nan ke riƙewa. Dana karanta shi kuma sai naga yana gaba da agogon kwamfutar da sakan 37 cif cif. Shin lalacewa yayi? Kuma meyasa bashi da suna irin CLOCK_REALTIME da zan kira a cikin yaren rubuta manhaja na C? Nagode.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka yayi gaskiya agogo ne, kuma lafiyarsa ƙalau, kar ka je ka taɓa shi malaminku yazo yana neman wanda ya ɓata masa aiki.

Agogon da kake magana mai batir shine RTC, zaka ganshi a /dev/rtc0, ɗan batirin CR2032 ne ke riƙe dashi kuma kiristal ɗinsa yana kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Aikinsa kaɗan ne, idan ka kunna kwamfuta kanel, wato zuciyar Linux mai kula da na'urori, ya tambaye shi ƙarfe nawa, daga nan shikenan kanel yaci gaba da lissafinsa da kansa. Shi kuwa ptp0 a kan katin netwok yake zaune, irin su Intel i210, kuma an saka shi ne saboda wata yarjejeniyar daidaita lokaci da ake kira PTP ko IEEE 1588, wadda ta fara fitowa a 2002 aka sabunta ta a 2008. Dalilin saka agogo a kan katin shine idan saƙo ya shigo ta waya katin ne zai buga masa hatimin lokaci nan take a bakin ƙofa, ba sai ya bi layi ya jira kanel ya gama abinda yakeyi ba, don wannan jiran shi ke ɓata lissafi. NTP, hanyar daidaita lokaci da muka saba da ita ta intanet, yawanci a milisakan ake maganar kuskurensa, PTP da hatimin kati kuwa yana sauka ƙasa da maikirosakan ɗaya. Masu turakun waya da tashoshin wuta da kasuwannin hannun jari su ne suka fi damuwa da wannan, ni da kai da muke kallon agogo don kar sallah ta wuce mu bamu da wannan matsalar.

Maganar sakan 37 kuma, PTP da ma'aunin TAI yake aiki, wato lokacin agogunan atom, agogon kwamfutarka kuma da UTC, lokacin da duniya ke saita agogunanta dashi. Shi UTC akan ƙara masa sakan ɗaya lokaci lokaci don ya dace da juyawar duniya, TAI ba ruwansa da wannan tafiya kawai yake, tun farkon 2017 tazararsu take 37. Kaga kenan abinda ka gani ma shaida ce cewa na'urar malaminku tana aiki daidai.

Yanzu ga tambayarka ta biyu wadda wallahi itace tafi min daɗi. Agogunan da ka sani lambobinsu a kafe suke cikin kanel, CLOCK_REALTIME shine 0, CLOCK_MONOTONIC shine 1, kamar lambar gida ce kullum tana nan. To amma agogon kati ba mazaunin gida bane baƙo ne, yau saba tana da kati ɗaya gobe an ƙara mata uku, jibi wani ya cire direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, gaba ɗaya kwamfutar na kunne, idan akace kowanne sai an yanka masa lamba ta dindindin ai ba za'a gama ba kuma ba wanda yasan nawa zasu zo. Richard Cochran shine ya kawo mafita, aikinsa ya shiga Linux 2.6.39 a 2011, sai ɓangaren agogunan PTP ɗin kansa ya biyo baya a Linux 3.0 duk a shekarar. Dabarar itace a mayar da agogon fayil. Ka buɗe /dev/ptp0 da open kamar kowane fayil, kanel ya baka lamba, daga wannan lambar zaka ƙera lambar agogon. Kamar dai katin da masu ajiyar mashin suke baka a bakin kasuwa ne, lambar tana da amfani muddin mashin ɗinka na wajen, gobe wani ne zai riƙe ta.

Bari na nuna maka da hannu. Ace open ya baka 3. Ka juya bit ɗinta duka da ~ ta zama -4, ka tura ta hagu gida uku ta zama -32, ka cika ƙasan da 3 ta zama -29 (wannan 3 ta ƙarshe kafaffiya ce, ba wadda open ya baka bace). Wannan -29 ɗin ita zaka miƙawa clock_gettime, kiran da ake karanta agogo dashi, shi kuma kanel da yaga lamba ƙasa da sifili mai 3 a gindinta yasan fayil ake nufi, sai ya warware ta ya koma kan direban katin. Me yasa 3? Dama can lambobin ƙasa da sifili agogunan lissafin aikin firosesa ne ke amfani dasu kuma 0, 1 da 2 suka ɗauka, 3 tana zaune ba mai ita sai aka bata wannan aikin. Wasu suna ganin abin kamar ɗinkin faci ne, ni kam ina ganin wayo ne, don ba'a ƙirƙiro sabuwar hanyar karanta agogo ba, wadda kowa ya sani ita aka bari. Sabon kira ɗaya da aka ƙara a lokacin shine clock_adjtime, na rage wa agogo gudu ko ƙara masa, kuma ana buƙatarsa sosai don kiristal mai kuskuren kashi 20 cikin miliyan a rana ɗaya zai kauce da kusan sakan 1.7.

Wani amfanin zamansa fayil shine izini. Wanda ya buɗe shi don karatu kawai zai iya duba lokaci amma idan yayi yunƙurin canzawa kanel zai ce masa EACCES, wato bashi da izini. Idan kuma aka cire direban kana riƙe da fayil ɗin, kanel baya faɗuwa, alama yake sawa agogon cewa ya mutu, a cikin lambar kanel ɗin ma sunan alamar zombie, duk kiran da kayi bayan nan ENODEV zai dawo maka, wato babu na'urar, sai ka rufe ka sake nema.

Abu ɗaya da yake kama ɗalibai, kar ka rubuta ptp0 a cikin manhajarka kace ka gama, idan katunan sunfi ɗaya wanda yake ptp0 yau zai iya tashi a ptp1 bayan an sake kunnawa. Buga ethtool -T da sunan katin, zai nuna maka lambar agogonsa. Sannan ka duba ko ptp4l da phc2sys suna gudana a sabar, na farkon shi ke daidaita agogon kati da na'urar GPS ɗin, na biyun ya ɗauko daga kati ya gyara agogon kwamfutar, shine yake cire 37 ɗin nan a hanya.