Wai fim ne ya tura mutane yaƙin duniya na farko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu nan Agege gardama ta kaure, abokina ya dage wai fim ne ya zuga Turawa suka shiga yaƙin duniya na farko, ni kuma nace a lokacin ma akwai sinima ne? Don Allah a raba mu.
Daga wani mai karatu, Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sinima kam akwai, ai nan Legas ɗin ma tun 1903 aka haska fim a Glover Hall. Amma abokinka ya ɗan zarce. Samarin Ingila da suka riƙa bin layi suna ba da suna don shiga soja a 1914, jarida da fasta da kishin ƙasa ne suka ja su, a farko ma sojoji hana masu kyamara zuwa fagen daga suka yi.

Inda fim ya yi aiki sosai shi ne bayan yaƙin ya yi nisa, gawa ta fara yawa. A Agustan 1916 aka saki The Battle of the Somme, fim kan gumurzun da ake yi a yankin Somme na Faransa, ba magana a ciki sai hoto da rubutu, amma cikin sati shida wajen mutum miliyan 20 suka kalla a Birtaniya, da yawa sun je ne ko Allah zai sa su hango fuskar ɗansu ko mijinsu, abin tausayi wallahi. An nuna gawarwaki da masu rauni, ba a ɓoye ba. Sai dai wurin da ya fi girgiza mutane, inda sojoji ke fitowa daga rami wasu na faɗuwa, masana sun ce shirya shi aka yi a bayan fage. Kuma ba inda fim ɗin ya faɗa musu cewa ranar farko ta gumurzun kaɗai, 1 ga Yuli, sama da sojan Birtaniya 19,000 ne suka mutu. Wannan ɓoyewar ita ta fi damuna.

A Amurka ne maganar abokinka ta fi kama ƙasa. A 1915 an yi The Battle Cry of Peace mai nuna abokan gaba sun mamaye New York don a tsorata mutane su yarda a tara makamai, a 1916 kuma fim ɗin Civilization ya fito yana kiran zaman lafiya, shekarar da shugaban Amurka Wilson ya sake cin zaɓe da taken bai kai su yaƙi ba. Duk da haka Afrilun 1917 suka shiga, babban dalili jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus da ke nutsar musu da jirage. Daga nan gwamnati ta baza masu jawabi gidajen sinima, minti huɗun da ake canza faifai su miƙe su yi ta zuga jama'a.

Mu namu ya zo ne a yaƙi na biyu, da Turawan mulki suka kafa sashen shirya fina-finai mai suna Colonial Film Unit a 1939, motar majigi tana bin garuruwa da labarin yaƙi a daidai lokacin da ake ɗibar samarinmu, waɗanda da yawansu suka ƙare a ƙasar Bama (Burma).